Dabbobin Gadufawa Da Duwatsun Ƙasarmu

Duk wanda ya saki babban titin Kubwa ya kama hanyar Bwari, da zarar ya iso Dutsen Alhaji zai ga gari ya kwanta a gindin duwatsu, gidaje kuma suna ta hawa jikinsu saboda ƙarancin fili. Duwatsun nan tsofaffi ne na gaske. Masana ilmin ƙasa sun auna irinsu, da su da Dutsen Aso da sauran manyan duwatsun da suka kewaye Abuja, sun ce shekarunsu sun haura miliyan 500. Amma duk da wannan tsufa, da za a tara masu fasa dutse su mai da su tsakuwa kaf, a loda a tifa, ba za a tsinci ko haƙori guda na wata dabbar zamanin da ba. Dalili kuwa shi ne, asalinsu narkakken dutse ne wanda ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, wani kuma zafi da nauyi ne suka toya shi har ya sake kama. Abin da ya bi ta irin wannan wuta ba ya riƙe ƙashi.

Ƙashi ya fi tsira a cikin dutsen da ruwa ya shimfiɗa. Dabba ta mutu a bakin kogi, kafin masu cin mushe su watsa ta sai ambaliya ta zo ta rufe ta da yashi da laka, wani yashin ya hau kan wani shekara bayan shekara, har ya dunƙule ya zama dutse. Ruwan da ke tsattsafowa ta ciki yana ɗauke da ma'adinai, su ne ke shiga ƙofofin ƙashin sannu a hankali suna cike su, har ƙashin ya koma dutse alhali bai sake siffa ba. To, irin wannan dutse muna da shi da yawa a Nijeriya, haka nan maƙwabciyarmu Nijar. Sai dai na Nijar an tona shi, an karanta, duniya ta ji labari. Namu kuwa ba mu cika waiwayarsa ba sai in ana neman man fetur ko siminti.

Masana sun raba tarihin duniya zamani-zamani, kamar yadda marubutan tarihin Kano suka raba nasu sarki-sarki. Ɗaya daga cikin zamunan nan shi ne wanda Turawa ke kira Kiritashiyos, daga wata kalmar Latin mai ma'anar alli, domin a cikinsa ne farin allin da ke gaɓar tekun Ingila da Faransa ya kwanta. Bari mu kira shi Zamanin Alli. Ya fara kimanin shekara miliyan 145 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, an kuma raba shi gida biyu. Kashin farko, wanda ya rufe wajen shekara miliyan 100 baya, shi ne abin dubawarmu a wannan mako. A lokacin babu mutum a doron ƙasa, babu giwa, babu raƙumi, ko ciyawar da shanu ke kiwo ba ta rufe ƙasa ba tukuna. Saboda haka in mai karatu ya ji an tono ƙashi mai tsawon ɗan Adam, kada ya yi saurin cewa na Samudawa ne. Masu mulkin tudu a zamanin su ne dabbobin da a ke kira dainoso. Wani Baturen Ingila, Richard Owen, shi ya raɗa musu sunan a 1842, ma'anarsa ƙadangare mai ban tsoro, ko da ya ke bincike ya nuna daga baya tsuntsaye sun fi ƙadangare kusa da su.

A duk faɗin Afirka, wuri kaɗan ne ya kai Gadufawa yawan ƙasusuwan wannan zamani. Gadufawa tana cikin hamadar Tenere, fiye da kilomita 100 gabas da Agadas, ta wajen kudu kaɗan, a yankin da ayarin gishirin Bilma ke ratsawa. An ce ma'anar sunan da harshen Abzinawa ita ce inda raƙuma ke tsoron zuwa. Doguwar shimfiɗa ce ta dutsen yashi, wadda iska ke share wa rairayi yau ta rufe ta gobe, ƙasusuwa kuwa suna kwance a fili, har a kan ga ƙashin bayan dabba ɗaya a jere kamar macijin dutse. An ƙiyasta shekarun dutsen sun kai miliyan 110.

Yadda labarin wurin ya isa kunnen masana ya cancanci a lura da shi. Tsakanin 1946 da 1959 wani fada Bafaranshe, masanin duwatsu, Albert de Lapparent, ya yi ta yawo cikin Sahara yana tsintar ƙasusuwa. Amma waɗanda suka buɗe ƙofar Gadufawa sosai ma'aikatan hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ne, waɗanda yuraniyam ya kawo su, ba ƙashi ba. Da suka ga abin ya fi ƙarfin saninsu sai suka aika Faris. A farkon 1965 aka turo wani saurayi, Philippe Taquet, wanda ko shekara 25 bai cika ba, ya kuwa yi ta komowa har cikin shekarun 1970. Bayansa sai Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta Amurka ya kawo ayarinsa a 1997 da 2000.

Abin da duk suka tarar shi ne, wurin nan da raƙumi ke tsoro saboda ƙishirwa, a da ƙasar manyan koguna ce da fadamu. Akwai kututturan itatuwa da suka zama dutse, akwai ɓawon kififiya, akwai haƙoran wani kifi dangin gaiwa, irin wadda yara ke tonowa a busasshen tafki da rani. Inda akwai ruwa da kifi haka, ba a rasa kada.

Kadan Gadufawa kuwa ba irin na kogin Kaduna ba ne. France de Broin da Taquet suka sa masa suna Sarcosuchus imperator a 1966, watau kada mai nama, sarkin sarakuna. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, mutum zai iya kwanciya cikin bakinsa, haƙora kuma 132. A 2001 Sereno ya ƙiyasta tsawonsa ya kai mita 11 zuwa 12, nauyinsa tan 8. A 2019 waɗansu masana suka sake lissafi ta wata hanya, suka rage shi zuwa wajen mita 9, nauyi kuma kimanin tan 4. Haka ilmi ya ke, na baya yana gyara na gaba, kuma ko a ƙaramin lissafin ai ya kai mutum biyar a kwance, kai da ƙafa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka san shekarunsa. Bayansa yana da sulke na falle-fallen ƙashi, kuma in an yanka falle ɗaya a kan ga zobba a jere, kowace shekara da nata, kamar yadda a kan gani a kututturen itace. Da aka ƙidaya sai aka gane yakan yi shekara 50 zuwa 60 kafin ya gama girma. Ashe girman nan nasa ba da sauri ya same shi ba, daɗewa ya yi bai daina girma ba. Ba shi ne kakan kadojin yau ba, ɗan uwansu ne na nesa, zuriyarsa kuma ta ƙare.

A bakin kogin nan akwai mai yi masa kishiya wajen kamun kifi, wani dainoso mai tafiya da ƙafa biyu, wanda aka tono a 1997, aka sa masa suna Suchomimus tenerensis a 1998, watau mai kwaikwayon kada na Tenere. Tsawonsa ya kai mita 10 ko 11, bakinsa dogo siriri, babban yatsansa kuma da farce mai lanƙwasa kamar lauje. Akwai kuma Lurdusaurus, gajere kakkaura, wanda waɗansu ke zaton zaman dorina ya yi. Akwai wani ɗan ƙaramin kada mai faffaɗan baki kamar na agwagwa, wanda bai kai mita ɗaya ba.

Sai Ouranosaurus nigeriensis, wanda Taquet ya bayyana wa duniya a 1976. Ya ɗauko farkon sunan daga kalmar da Abzinawa ke kiran damon hamada da ita. Mai cin ganye ne, tsawonsa mita 7 zuwa 8, kuma ƙasusuwan bayansa sun yi tsiri sama, waɗansu sun haura rabin mita. Masana sun rabu a kan amfaninsu. Waɗansu suka ce fata ce ta lulluɓe su kamar tanti, dabbar tana shan hantsi da ita ko tana fid da zafi. Waɗansu suka ce a'a, tozo ne mai kitse, irin na raƙumi ko na bijimin sa. Tun da nama ba ya zama dutse yadda ƙashi ke yi, gardamar tana nan.

Amma a ganina babu mai ban al'ajabi kamar wanda ya ɗauki sunan ƙasar dungum, Nigersaurus taqueti. Taquet ne ya fara tsintar guntayensa, Sereno da abokan aikinsa suka sami isassun da za a yi masa suna a 1999, suka kuma girmama Taquet da shi. Dangin dainoso masu dogon wuya ne, sai dai shi nasa wuyan gajere ne, tsawonsa duka mita 9, nauyinsa bai wuce na giwa ba. Bakinsa shi ne abin kallo. Ya fi sauran kan faɗi, kuma gabansa a miƙe ya ke kamar bakin shebur, haƙoran duka suna jere a gaba kamar matsefi. A bayan kowane haƙori mai aiki akwai waɗansu a ɓoye cikin muƙamuƙi suna jiran layi, har tara a wani wurin, in an haɗa duka sun haura 500. Wani bincike na 2013 ya nuna kowane haƙori ba ya wuce kwana 14 sai ya faɗi wani ya maye gurbinsa, kuma ba a san wani dainoso da ya kai shi saurin sake haƙori ba. Me ya kawo haka? Kiwo ya ke yi dab da ƙasa, yana yankar tsire-tsire marasa fure waɗanda jikinsu ke da kaushi, yana haɗawa da yashi, sai haƙoran su riƙa cinyewa kamar bakin fartanya a ƙasa mai tsakuwa. Makiyayi da ya taɓa buɗe bakin tsohuwar saniya ya san abin da yashi ke yi wa haƙori, sai dai ita saniya in nata sun ƙare shi ke nan. Ƙasusuwan kansa kuwa ba su da kauri, waɗansu har haske na ratsa su, na bayansa kuma iska ta fi ƙashi yawa a ciki. Wannan ya sa aka daɗe ba a gane shi ba, ko da ya ke yana cikin dabbobin da suka fi yawa a wurin: da an taɓa sai ya ruguje.

Wani zai ce, duk wannan labarin Nijar ne, ina ruwan Nijeriya? Amsar sai mun bi ta Barazil.

Tun ƙarni na 19 aka tsinci haƙoran wani babban kada a jihar Bahiya ta Barazil. A 1977 Eric Buffetaut da Taquet suka gwada su da na Gadufawa, suka ga ashe jinsi ɗaya ne, Sarcosuchus. Haka kuma wani ƙaramin kada na tudu, Araripesuchus, wanda aka fara samu a arewa maso gabashin Barazil, sai ga ɗan uwansa a Gadufawa. Wani babban kifi mai suna Mawsonia shi ma yana nan yana can. Kadan kogi ba ya ninƙaye teku mai faɗin kusan kilomita 3,000. Bayanin shi ne, a farkon Zamanin Alli babu tekun a tsakani. Kafaɗar Barazil tana manne cikin lungun nan na gaɓar Nijeriya da Kamaru, kamar yadda kowa zai iya gani in ya yanko taswira ya haɗa. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya faɗi haka tun 1912, aka yi masa dariya har ya mutu a 1930, ba a gaskata shi ba sai cikin shekarun 1960. Shi ya sa a 1981 Buffetaut ya raɗa wa ƙaramin kadan Gadufawa sunansa.

Da rabuwar ta zo, ƙasa ta tsage gida uku, tsagogin suka haɗu a inda kogin Kwara ke shiga teku yau. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atilantika. Ta ukun ta nufo arewa maso gabas, ta yi kimanin kilomita 1,000, sa'an nan ta tsaya. Ita ce kwarin Binuwai. Koguna suka yi ta zuba yashi a cikinta, yashin ya zama dutse, masana kuma suka sa wa wannan shimfiɗa sunan Dutsen Bima na ƙasar Gombe, wanda mutanen Arewa suka fi sani ta wajen labarin hijira da jiran Mahadi. Dutsen yashin Bima sa'an na Gadufawa ne, kuma ana samun itatuwan da suka zama dutse a cikinsa. Wajen ƙarshen kashin farko na zamanin, teku ta kutso ta kudu, ta bar wa ƙasar Abakaliki ɓawon waɗansu halittun ruwa masu naɗi kamar ƙahon rago. Ruwan gishirin da matan Awe da Keana na Jihar Nasarawa ke dafawa, masana suna danganta shi da duwatsun da tekun ta bari.

Ta fuskar Sakkwato ma zancen ya fi kusa. Duwatsun yashin da aka sa wa sunan dajin Gundumi da garin Illo, gefen kudu ne na babban kwarin da Gadufawa ke gefensa na gabas. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta shiga ƙarƙashin ƙasa ba. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya yi aiki mai yawa a kan duwatsun Sakkwato cikin shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka bayyana su, kuma su ma suna ɗauke da itatuwan dutse. A ƙetaren iyakar Adamawa kuma, a kwarin Kum na arewacin Kamaru, wanda reshe ne na tsagar Binuwai, masu bincike sun sami sawun dainoso da haƙoransu cikin shekarun 1980.

To, ga su a arewa da mu, ga su a gabas da mu, ga 'yan uwansu a ƙasar da a da ke manne da kudancinmu. Amma har yau babu dainoso ko ɗaya da aka raɗa wa suna daga ƙashin da aka tono a Nijeriya. Kada kalmar nigeriensis da ke jikin sunan Ouranosaurus ta ruɗi kowa, Nijar a ke nufi. Wanda ke ɗauke da ita da nufin Nijeriya shi ne Goronyosaurus nigeriensis na ƙasar Goronyo, wanda masanan Italiya suka yi wa wannan suna a 1972, shi kuwa ƙadangaren teku ne, kuma na ƙarshen Zamanin Alli ne, ya zo bayan na Gadufawa da shekara kusan miliyan 40.

Ba zan ɗora laifin duka a kan sakaci ba. A Tenere iska ce ke yi wa mai bincike tono, babu gona babu ciyawa. A ƙasarmu kuwa dutsen yana ƙarƙashin ƙasar noma da marmara, damina kuma tana ruɓar da abin da ya fito fili. Har ila yau, yawancin yashin Bima mai gautsi ne, na koguna masu ƙarfi, waɗanda sukan niƙe ƙashi kafin su binne shi. Amma a ƙasansa akwai laka ta tsofaffin tafkuna, ga kwazazzabai da zaizaya ke buɗewa kowace shekara, ga ramukan masu haƙar ma'adinai, ga gefen hanyoyin da aka sare tudu. Duk wannan tono ne na kyauta, abin da ya rage shi ne idon da ya san abin da ya ke kallo. A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin fara haƙar man Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, cikin wannan kwari na Binuwai. Da za a ware wa jami'o'in Gombe da Bauchi da Maiduguri da Sakkwato abin da bai kai kuɗin rijiya ɗaya ba, da ya isa a horar da matasa, a ba su mota da guduma, su bi kwazazzabai shekara goma. Ma'aikatan Faransa da suka zo neman yuraniyam sun ga ƙashi sun aika a kira masani. Kamata ya yi a sa wa duk kamfanin da aka ba lasisin tono a ƙasar nan irin wannan sharaɗi a rubuce.

Akwai kuma darasi a wajen Nijar game da wanda ke riƙe da kayan. Ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus na farko an mai da shi Yamai, yana gidan tarihi na Bubu Hama. Na biyun yana birnin Benis na Italiya. Da yawa daga abin da Sereno ya tono an kai Shikago domin a tsabtace a yi nazari, ko da ya ke suna ɗauke da lambar gidan tarihin Nijar, kuma shi da abokan aikinsa sun fito da shirin gina gidajen ajiya a Yamai da Agadas. An sa sunayen masanan Nijar, irin su Bube Gado, cikin marubutan binciken, abin a yaba ne. Amma ƙasar da ba ta da ɗakin gyaran ƙashi, ba ta da ɗanta da ya ƙware a kansa, dole ta bari a ɗauka, ta kuma jira a gaya mata abin da ta mallaka. Gara mu shirya tun ba a samu ba.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun manomi da mahaƙin rijiya da malamin makaranta a ƙasashen Gombe da Adamawa da Sakkwato da Kebbi. In aka ga abu mai siffar ƙashi ko haƙori amma da nauyin dutse, yana manne cikin dutsen yashi, kada a ɓamɓare shi, kada a daka shi don neman magani, kada kuma a sayar wa baƙo. Rabin darajarsa tana ga wurin da ya ke kwance, domin daga shimfiɗar da ke samansa da wadda ke ƙarƙashinsa a ke gane shekarunsa, kuma sau da yawa sauran jikin dabbar yana nan kusa ba a gani ba. A ɗauki hotonsa da waya, a ajiye wani abu kusa da shi, ko takalmi ne, don a san girmansa, a rufe shi da ƙasa saboda rana da kofaton dabbobi, a shaida wa mai gari. Sa'an nan a kai hoton sashen ilmin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa, ko ofishin Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya, wadda tushenta ya koma tun 1919.